Ruwan Ajiya da Gishirin Awo: Nazari kan Canjin Ruwan Kifi a Kankiya da Kusada

Kifin da aka tsare a tanki a cikin ruwa ɗaya yake ci, yake numfashi, yake kuma zubar da dattinsa. Mafi haɗarin dattin nan shi ne amoniya, wadda take fita ta jajayen kunnuwan da yake shaƙar iska da su. A kogi ruwa yana tafiya da ita. A tanki kuwa babu inda za ta je, sai mai kiwo ya zubar da wani kaso na ruwan ya zuba sabo. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina sabon ruwan ya kwana, kuma me ya same shi kafin a zuba?

Babu waɗanda suka bi diddigin wannan tambaya kamar masu kiwon murjani da kifin teku a akwatin gilashi, domin su kuskure kaɗan yana kashe musu dukiya. Tun 1854 Philip Henry Gosse na Ingila ya wallafa yadda za a haɗa ruwan teku da hannu. Duk da haka, lokacin da aka buɗe gidan kifi na Shedd a Chicago a 1930, da jirgin ƙasa aka yi ta jigilar ruwan teku daga Key West, kimanin galan miliyan 1. Sai a shekarun 1960 garin gishirin teku na kanti irin su Instant Ocean ya fito, har ya zama gidan kifi na Georgia da aka buɗe a Atlanta a 2005, nesa da gaɓa, da hannu yake haɗa ruwansa.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya kaɗai ba ne. Akwai kalshiyam kusan miligiram 420 a lita, da magnesiyam kusan 1,300, da sinadaran da murjani yake gina ƙashinsa da su. Mai murjani yakan haɗa ruwan a durom tun kafin ranar canji, ya sa ƙaramin famfo yana juya shi. A nan ne suka gano cewa ruwan ajiya ba ya zama yadda aka bar shi. Idan durom ya yi zafi, kalshiyam yakan haɗu da kabonet ya kwanta a ƙasa fari fat, abin da murjani yake buƙata ya fita daga ruwan ke nan. Idan an bar shi a buɗe, ruwa ya tashi ya bar gishiri: durom mai lita 200 yana da kilo 7 na gishiri, in lita 10 ta ƙafe awon ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Shi ya sa suke rufewa, suke ajiyewa a inuwa, suke sake aunawa kafin su zuba, suke kuma daidaita zafinsa da na tanki, tsakanin digiri 24 da 27.

Kankiya da Kusada suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga teku, kuma kifin da ake kiwo a arewa tarwada ce, a tankin siminti ko na roba ko na tamfol. Amma matsalar ajiya ta fi tsanani a nan. Ƙasar tsakiyar Katsina, inda garuruwan biyu suke, tana kan tsohon dutse ne, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, don haka rijiya ko burtsatse ba ta bayar da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, musamman daga Maris zuwa Mayu. Damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Madatsar Zobe da aka kammala a 1983 tana can wajen Dutsin-Ma, ba a bayan gidan mai kiwo take ba. Wanda zai canza wa kifi ruwa a irin wannan ƙasa dole ya tara shi a hankali, ko ya saya wajen 'yan ga-ruwa jarka-jarka. Ko yana so ko ba ya so, mai ajiyar ruwa ne.

A ganina wannan tilas ɗin alheri ne in an san yadda za a yi da shi, domin ruwan burtsatse ɗanye bai dace a zuba wa kifi kai tsaye ba. Yana fitowa da ƙarancin oksijin da yawan iskar kabon, wani lokaci da narkakken ƙarfe wanda ba a gani sai ya sha iska ya koma ja kamar tsatsa. In a cikin tankin kifi wannan juyin ya faru, tsatsar tana manne wa kunnuwan 'ya'yan kifi ta shaƙe su. In kuwa a tankin ajiya ya faru, sai ta kwanta a ƙasa, a ɗebi na sama. Matan gida sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa ba a shan ruwan da aka zuba a randa yanzu sai ya kwanta. Kwana ɗaya zuwa biyu, tare da barin ruwan ya zubo daga sama yana fantsama lokacin cikawa, ya isa ya kori iskar kabon ya shigar da oksijin. Ruwan famfo mai kulorin shi ma haka yake buƙata.

Manyan tarwada suna ɓoye wannan matsala, saboda suna da gaɓar shaƙar iska daga sama, suna jure ruwan da zai kashe karfasa. Wannan juriya ce take yaudarar mai kiwo. Kifin bai mutu ba, amma ya rage cin abinci, girmansa ya tsaya, kuma abinci shi ne mafi tsadar abin da ake kashe wa kuɗi a kiwon.

Zafi ne abu na biyu. Tarwada ta fi girma tsakanin digiri 26 da 30. Baƙin tankin roba da ke kan ƙarfe a tsakar rana cikin Afrilu yana ɗumama ruwa ya wuce haka, ruwan zafi kuma oksijin ɗinsa kaɗan ne: kusan miligiram 9 a lita a digiri 20, amma kusan 7.5 a digiri 30. A hunturu abin ya juye, ruwan da ya kwana a buɗe cikin Disamba ko Janairu yana wayewa da sanyin da zai firgita kifi. Saboda haka lokacin zubawa ya bambanta: da sassafe a bazara, da rana tsaka a hunturu. Rumfa a kan tanki da murfi suna rage duka biyun, suna kuma hana gansakuka da sauro.

Sai gishiri. Masu kiwon tarwada suna amfani da shi, kuma da hujja. Kulorayid da ke cikinsa yana hana gubar naitirait shiga jinin kifi, abin da manoman tarwada na Mississippi suka daɗe suna yi. Giram 1 zuwa 3 a lita yana sauƙaƙa wa kifi wahalar jigila da ta tantancewa. A wurin ƙyanƙyasa ma ana haɗa giram 9 a lita don tsarma maniyyin namiji, domin a wannan awo ba ya motsi sai ruwa zalla ya taɓa shi. Ƙwan artemiya da ake ciyar da jariran kifi da shi, wanda da yawansa daga Babban Tafkin Gishiri na Utah yake zuwa, a ruwan gishiri yake ƙyanƙyashewa cikin awa 24 ko kusa da haka. Abin da ke damuna shi ne awo. Ana watsa gishiri da hannu ko da gwangwani, ba a san yawan litar tankin ba, kuma an manta cewa gishiri ba ya tashi da tururi. Duk wanda ya ƙara gishiri a kowane ciko, ba tare da ya zubar da daidai abin da ya zuba ba, awonsa hawa yake yi a ɓoye.

A nan mai tarwada ya fi mai murjani sa'a. Gishirin teku ba ya yarda a haɗa shi da kauri a ajiye, domin kalshiyam zai kwanta; dole a zuba gishiri cikin cikakken ruwa, ba ruwa kan gishiri ba. Gishirin miya kuwa yana da iyaka tsayayyiya: lita ɗaya ta ruwa tana narkar da kusan giram 360, kuma zafi ko sanyi ba su cika canza wannan ba. In aka zuba gishiri a jarka har ya ƙi narkewa ya kwanta a ƙasa, kowace lita ta ruwan saman tana ɗauke da giram 300 da 'yan kai. Lita 1 daga jarkar cikin lita 100 ta ruwa ta ba da kusan giram 3 a lita, ba tare da sikeli ba. Jarkar tana iya yin watanni a rufe. Babban tankin ajiya kuma a bar shi ruwa zalla. Ruwan tsarma maniyyi kaɗai ne ya kamata a haɗa sabo da tafasasshen ruwa duk ranar aiki.

Kanwa ba ta shiga wannan lissafi, haka ma duk wani gishirin lasar dabbobi da ba a san haɗinsa ba. Kanwa tana ɗaga ma'aunin pH, kuma da zarar ya tashi, amoniyar da ke kwance a ruwa tana juyewa zuwa nau'inta mai guba, musamman cikin zafi. A tankin da ya yi kwanaki ba a canza ba, wannan kan iya kashe kifi cikin dare ɗaya.

Abin da ya rage aikin masana ne. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana koyar da kiwon kifi, kuma maƙwabciya ce. Awon ƙarfe da pH na rijiyoyin Kankiya da Kusada, unguwa-unguwa, a rani da damina, zai gaya wa mai kiwo kwana nawa ruwansa yake buƙata a tankin ajiya, da girman tankin da ya kamata ya saya kafin ya sayi ɗan kifi ko ɗaya.