Gaisuwa ko toshiya? Mu tuna da Farouk Lawan

Jama'a, tunda aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024 nake ta tuna wani tsohon labari. Mu mutanen Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi ya kamata mu sake jin shi.

A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙasa ta rikice. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken kuɗin tallafin, ta ɗora Farouk Lawan na Bagwai da Shanono a kai. Wallahi a lokacin ni ma na yi murna. Ai shi ne jagoran 'yan Integrity da suka tilasta wa Patricia Etteh sauka daga kujerar kakakin majalisa a 2007.

Sai ga Femi Otedola, mai kamfanin Zenon, ya fito ya ce Farouk ya nemi dala miliyan 3 don a cire sunan kamfaninsa daga rahoton, har ya karɓi dala 500,000. An kuwa cire sunan. Farouk ya ce ya karɓa ne don ya zama hujja. Kotu ba ta yarda ba. A Yunin 2021 aka yanke masa shekara 7, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Abin da ya fi ci min rai, rahoton nan akwai gaskiya a ciki, amma daga ranar duk wanda aka ambata ya samu bakin cewa ai na ɓarawo ne.

Na san wani zai ce wannan cin hanci ne ƙarara, ihsani daban. To ina iyakar? Shehu Ɗanfodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun sarautar da ya tarar. Tsarin mulkin 1999 ma, a jadawali na biyar, ya yarje wa jami'i kyautar 'yan'uwa da abokai gwargwadon al'ada kawai. Ta kamfanin da ke da kwangila da gwamnati kuwa, ana ɗaukarta saɓa doka ce sai an nuna akasin haka.

Dokar ma'adinai a hannun majalisar tarayya take. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum saboda aikin zinare ba sa ido. Ba na zargin kowa. Amma in azumi ya zo, tirelar shinkafa ta tsaya ƙofar gidan ɗan majalisa, ni dai kafin in miƙa hannu zan tambaya wa ya biya kuɗinta, kuma yana da rami a dajinmu ko babu.