Kuɗin Albasa da Filayen Tsarnawa

A zamanin Turawan Faransa, manomin ƙasar Ƙonni bai cika tunanin gina gidan haya ba. Lanho ake karɓa bisa kowane kai, dabba kuma ga jangali, saboda haka abin da damina ta bari sai ya tafi hannun mai gari. Kakana ya sha faɗa mana cewa rumbu da garke su ne dukiya, fili kuwa na gado ne, kunya ne a sayar.

Albasar Galmi ta sauya lissafin. Da aka kwashe ta zuwa Abijan da Akara, kuɗi suka riƙa shigowa a dunƙule, ga simintin Malbaza a kusa. Tsarnawa kuma tana kan mararraba, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Yamai zuwa Maraɗi, don haka shago a bakin kwalta ya fi gona biyu kawo riba.

A 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Masu ajiyar tsabar kuɗi sun ji jiki, ni kuwa na ga 'yan kasuwa suna mayar da kuɗinsu bulo. Yau mai sayen fili yakan nemi takardar shaida, ko da ya san ita ce ke sanar da ofishin haraji inda yake.