Dokar Amdahl da Ɗalibin Shekarar Farko

An daɗe mai rubuta manhaja yana cin garaɓasa: ko bai taɓa aikinsa ba, sabuwar kwamfuta za ta ƙara masa sauri. Wannan ya ƙare wajajen 2005. Ƙa'idar da Robert Dennard ya bayyana a 1974, cewa ƙanƙantar da tiransista na rage wutar da yake ci, ta daina aiki. Zafi ya yi yawa, saurin furosesa ya tsaya a gigahaz uku zuwa huɗu. Sai kamfanoni irin su Intel da AMD suka koma ga jera cibiyoyin lissafi da yawa a furosesa guda.

Duk da haka, sau da yawa ana ajiye darasin raba aiki tsakanin cibiyoyi sai shekarar ƙarshe ta digiri. A ganina wannan kuskure ne babba.

Gene Amdahl ya nuna dalili tun 1967. A kowane aiki akwai sashen da ba ya rabuwa, dole a bi shi daki-daki. Idan sashen nan kashi 5 cikin 100 ne kacal, cibiyoyi 8 za su ninka sauri kusan sau 6, cibiyoyi 64 kusan sau 15, kuma ko an tara dubu ba za a kai sau 20 ba. Kamar gayya ce: a tara matasa hamsin su girbe gona, amma amalanke ɗaya ne ke kai dawa gida. John Gustafson ya amsa a 1988 cewa mai babbar na'ura babban aiki yake ɗorawa, don haka kason da ba ya rabuwa raguwa yake yi. Gaskiya ne, sai dai ɗalibin da bai iya gano wannan kaso a manhajarsa ba, amsar ba ta amfane shi da komai ba.

Akwai kuma abin da allo ba ya koyarwa. Cibiyoyi biyu su karanta 100 a lokaci guda, kowace ta ƙara ɗaya, kowace ta rubuta 101, alhali 102 ake nema. Manhajar za ta yi daidai yau, gobe ta kuskure. Wanda ya shekara uku yana ɗauka umarni na bin juna ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar yake yarda da abin da idonsa ya gani.

Masu cewa darasin ya fi ƙarfin sabon ɗalibi su duba tsarin karatun da ƙungiyoyin ACM da IEEE suka fitar a 2013, wanda ya sa shi cikin ginshiƙan digiri. Kayan aiki ma ba uzuri ba ne: OpenMP, tsarin raba aiki tsakanin cibiyoyi da ya fito a 1997, kyauta ne, kuma ƙaramar kwamfutar da ɗalibi ke zuwa aji da ita ta isa ya auna dokar Amdahl da hannunsa.