Yadda Madugai Suka Riƙa Yanka Zango A Hanyar Gwanja

Ya ku 'yan makaranta, da malami zai ba ku lissafi ya ce ga mutum zai yi tafiyar mil 84 cikin kwana 7, mil nawa zai ci kowace rana, mun san kafin ya ajiye alli kun ɗaga hannu kun ce 12. A bisa allo kam kun yi daidai. Amma da za ku kai wannan amsa gaban madugun ayari na zamanin kakanninmu, sai ya yi murmushi ya tambaye ku inda ruwa yake, da inda dutse yake, da kuma lafiyar jakin da ya fi kowane rauni. In ba ku ba shi amsar waɗannan ba, ba zai yarda ya bi ku ko nan da bakin gari ba. Wannan lissafi na madugai shi muke so mu yi muku bayani yau, don mun ga har yanzu da sauran amfaninsa ga duk mai niyyar tafiyar ƙasa.

Bari mu fara daga gida. Ku da kuke Sarandosa da Maiyama da Aliero kun san kasuwar Jega, amma watakila ba dukanku kuka san irin sunan da ta yi a da ba. Buhari ɗan Abdussalami na Gimbana shi ya kafa garin wajen 1820, a gefen gulbin Zamfara, a ƙarƙashin Gwandu. Ba a daɗe ba kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa ta yamma, gama nan hanyoyin ƙasa da na ruwa suka haɗu. Fataken goro na Kano da Katsina, wato Agalawa da Tokarawa, da Kambarin Barebari na Gummi, da yawansu ta nan suke biyowa in za su Gwanja. Suna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da jar fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, wanda mutanen Aliero ba su bukatar a yi musu bayaninsa.

Daga Jega waɗansu su ƙetare Kwara a Illo, waɗansu su gangara ta Yawuri da Busa. Sa'an nan su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Zugu, wadda ke cikin ƙasar Benin a yau, su haura duwatsun Atakora, su sauka Sansanin Mango, su wuce Yandi, har su isa Salaga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Tafiyar wajen mil 500 ce. In kun raba ta da 12 za ku sami kwana 42, amma ayari kan shafe watanni a hanya, zuwa da komowa kuwa sau da yawa sai ya cinye rabin shekara ko fiye. Ba lalaci ya kawo haka ba, dabara ce.

Ayarin ba ƙaramin abu ba ne. Cikin 1826 wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton, wanda ya rasu a Sakkwato cikin 1827, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama suna komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura 1,000, dabbobin kaya kuma kamar haka. To, ku duba, duk wannan taro sai ya sha ruwa, ya ci abinci, ya sami wurin kwana kowace rana ta Allah. Wanda nauyin wannan ke wuyansa shi ne madugu. Jagaba yana gaba yana duban hanya da masauki, uban dawaki yana taimakon madugu wajen tara abin da za a biya sarakunan hanya, malamin ayari kuwa shi ke rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi.

Abu na farko da madugu ke dubawa shi ne ruwa. Fatake da rani suke tafiya, bayan an kawar da amfanin gona, lokacin da gulabe suka janye har jaki ya iya ƙetarewa. Amma ranin da ya buɗe hanya shi ne kuma ya ƙafar da tafkuna. Saboda haka ba yawan mil ke yanka zango ba, rijiya ko rafi ke yanka shi. In ruwa na gaba yana mil 8, nan za a sauka ko da hantsi bai dubi ludayi ba. In kuwa sai an yi mil 18, sai a yi sammako tun da duhu, a cika salka da gora, a daure.

Na biyu shi ne mai rauni. Ayari ba ya tafiya da saurin dokin madugu, da saurin jaki mai ɗingishi yake tafiya, da na matar da ke ɗauke da kaya a ka. Jaki da kaya, in ana so ya kai Salaga ya komo da ransa, abin da zai yi a yini bai fi mil 10 zuwa 15 ba. A tashi bayan sallar asuba, a sauka kafin rana ta take tsaka, don dabbobi su sami sauran yini su yi kiwo, mutane kuma su kafa bukkoki, su nemo itace, su ɗora tukunya. Wanda aka bari a baya cikin dajin Bargu, inda 'yan fashi suka yi suna, ba safai ake sake jin labarinsa ba. Don haka madugun da ya kori ayari don ya riga wani kasuwa, da dukiyar mutane da rayukansu yake caca.

Na uku shi ne irin ƙasar da za a taka. Mil ɗaya a fadamar Kabi dabam yake da mil ɗaya a hawan Atakora, inda jaki ke zamewa, kaya su karkace, a tsaya a sauke a sake ɗaurewa. Na huɗu kuwa hutu ne. Al'adar ayari ce ranar farko a yi gajeren zango kusa da gari, don wanda ya makara ya cim musu, wanda ya yi mantuwa ya koma ya ɗauko, a kuma ga kayan da bai zauna daidai ba a gyara. In an isa babban gari a yi kwanaki, a ci kasuwa, dabbobi su murmure. A kan hanyar komowa ma dole a riƙa tsayawa a kwance goro, a tsince wanda sankara ta kama, a yayyafa ruwa, a sake naɗe shi da ganyen fita, in ba haka ba a iso Jega da ruɓaɓɓen kaya.

Wannan hanya ta mutu sannu a hankali. Bayan Ingilishi sun ci Asante cikin 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasa na 1892 ya watsa ta, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano cikin 1911, goro ya koma biyowa ta teku da Ikko. Amma sunan masaukin fatake bai mutu ba, gama har yau a ƙasar Gana unguwar baƙi Musulmi Zongo ake kiranta, daga kalmarmu ta zango.

Abin sha'awa, cikin 1892 ɗin nan da Salaga ta watse, wani mai hawan duwatsu a ƙasar Sikotlan, ana ce da shi Naismith, ya tsara ƙa'idar da masu yawon duwatsu ke aiki da ita har yanzu. Ya ce a ba kowane mil 3 sa'a guda, a kuma ƙara sa'a guda saboda kowane hawa na ƙafa 2,000. Wato tafiyar mil 12 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sa'a 4 ce, in da hawan ƙafa 2,000 a ciki ta zama sa'a 5. Amma ku lura, ƙa'idar tasa ta ƙaƙƙarfan mutum ce, ba ta kuma lissafa tsayawar hutu ba. Mai kaya a baya cikin zafin ƙasarmu sai ya ƙara a kai. Ashe abin da madugu ya sani da ƙafarsa shi Bature ya zuba cikin alƙaluma.

To, a ce ku da abokanku kun yi niyyar yawon mako guda cikin duwatsu, ko na Zuru da ke nan kusa da mu, ko na Jos, ko na Mambila, tafiyar kuwa mil 60 ce. Kada ku raba ta daidai wa daida. Ku fara neman sanin inda ruwa da ƙauyuka suke daga bakin mutanen wurin, nan ne masaukanku. Sa'an nan ku tsara kamar haka: ranar farko mil 7, gama kaya na da nauyi, ƙafa ba ta saba ba, ta biyu 9, ta uku 11, ta huɗu 5 kaɗai, ku yi wanki ku duba ƙafafunku, ta biyar 11, ta shida 10, ta bakwai 7, don in wani abu ya tsare ku a hanya ku sami rarar da za ku cike. Ranar da hawa ya yi yawa ku rage mil, ku auna da sa'a. Ƙaraminku ku sa shi gaba, kowa ya bi takunsa. Ku kuma gaya wa manyanku inda za ku kwana kowane dare.

Yau mota kan ɗauki mutum daga Jega ta kai shi Yawuri, tafiyar mil 100 da 'yan kai, tsakanin hantsi da azahar, abin da kakanninmu ke yi cikin mako guda. Mun gode Allah da wannan sauƙi. Amma kada sauƙin ya sa mu raina mutanen da suka kai dubban rayuka Gwanja suka komo da su, ba taswira, ba agogo, sai sanin ƙasa da tausayin mai rauni. Su suka bar mana maganar nan cewa tafiya sannu sannu kwana nesa. In kun je hutu, ku tambayi tsofaffin garinku ko akwai bafatake cikin kakanninku, ku rubuta abin da suka gaya muku tun suna da rai. Allah ya sa mu sauka zangonmu lafiya, amin.