Daga Jigo Zuwa Fulogi: A Wanke Ko A Sauya?

Rubutun wannan makon zai kai mu Ikara, Makarfi da Kudan, inda noman rani na tumatir da barkono da rake ya rataya a kan wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, wato fulogi.

Kakanninmu da jigo suke ban ruwa a fadama, guga bayan guga. Ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur sun fara shigowa ne a shekarun 1980, suka yaɗu sosai a shekarun 1990 ta hanyar shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa. Shi kuwa fulogi ya girme su. A 1902 ne kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da irin wanda ya karɓu a duniya, aikin injiniya Gottlob Honold. Tartsatsinsa ne ke kunna fetur a cikin inji. In ya mutu, inji ya mutu, kuma shukar rani ba ta jure dogon ƙishi.

Me ya sa muka tashi muka ga ana wanke fulogi maimakon a sauya? Dalilai uku ne. Na farko, fetur ɗin da can yana ɗauke da dalma, wadda ke daskarewa a bakin fulogi. Na biyu, yawancin tsofaffin baburan Yamaha da Suzuki suna ƙona baƙin mai tare da fetur, don haka fulogi ke saurin yin baƙi. Na uku, tsarin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira daga 1986, kayan gyara na waje suka yi tsada. Sai bakanike ya riƙe burushin waya da ɗan fetur a murfin gwangwani, ya goge, ya daidaita tazarar baki, ya mayar.

Daga baya al'amura sun juya. Zuwa farkon 2006, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina amfani da fetur mai dalma. Baburan Boxer, waɗanda ba sa haɗa mai da fetur, suka cika hanyoyinmu. Fulogi mai araha ya cika kasuwa, amma tare da jabu masu ɗauke da sunan NGK. Saye ya yi sauƙi, gane na asali ya yi wuya.

To, ina gaskiyar take? In baƙin hayaƙi ne ko jiƙewa, wanki ya wadatar. In farin tangaran ɗin ya tsage, ko bakin ƙarfen ya cinye, wanki ɓata lokaci ne. Littafin injinan Honda GX ya tanadi duka biyun: a duba bayan awa 100 na aiki, a sauya bayan awa 300. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya ƙara tsanani, domin fulogin da ya gaji yana zubar da fetur a banza.

Yanzu wasu manoma sun koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda ba ruwansa da fulogi. Dattawan da suka ja jigo, suka kuma ga zuwan inji, suna nan a Hunkuyi da ƙauyukan Ikara, amma suna ƙarewa. Mu je mu zauna da su, mu rubuta abin da suka gani tun suna raye.