Birni da Waje a Ƙasar Amurka: Yadda Launin Fata Ya Raba Mazauni a Detroit, 1910 zuwa 2020

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin tambaya guda: me ya sa a manyan biranen Amurka aka wayi gari Baƙar fata sun taru a tsakiyar birni, Farar fata kuwa sun koma unguwannin da ke kewaye da shi? Amsar da aka saba ji ita ce wai ɗabi'ar ɗan Adam ce kowa ya raɓi nasa. Akwai ƙamshin gaskiya cikin wannan magana, amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da za mu nuna shi ne, wannan rabuwa gina ta aka yi da doka da rance da hanyar mota, kuma an san shekarun da aka yi ginin da hukumomin da suka yi shi.

Za mu ari kalmar Kanawa, mu kira waɗannan unguwanni "waje". Sai dai a lura da wani muhimmin bambanci. A Amurka, waje ba unguwa ba ce kawai. Galibi kowane yanki ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta, da harajinta, da makarantunta, da 'yan sandanta. Saboda haka wanda ya ƙetare iyakar birni ya tafi ne da harajinsa. Misalin da za mu riƙe shi ne birnin Detroit na Jihar Michigan, cibiyar ƙera motoci.

Babban Ƙaura Daga Kudu

A ƙidayar 1910 Baƙar fatar da ke Detroit ba su kai 6,000 ba, cikin mutane kimanin 466,000. A 1914 Henry Ford ya sanar da ladan dala biyar a yini ga ma'aikatan kamfaninsa, kuma a wannan shekara Yaƙin Duniya na Ɗaya ya toshe hanyar leburori masu zuwa daga Turai. Sai masana'antu suka juya ga jihohin Kudu, inda jikokin bayi ke noman auduga cikin talauci da dokokin wariya. Tsakanin lokacin yaƙin da 1970 Baƙar fata kimanin miliyan shida suka bar Kudu. A Detroit kaɗai yawansu ya kai 120,000 a 1930, ya kai 300,000 a 1950, watau kashi 16 cikin ɗari na mazauna birnin.

Aiki ya samu, amma wurin kwana ya yi wuya. An cusa yawancin baƙin nan cikin wasu tsofaffin unguwanni na gabashin birni, watau Black Bottom da Paradise Valley, inda haya ke da tsada, gidaje kuwa sun lalace. Wanda ya yi ƙoƙarin fita ya gamu da tarzoma. A watan Satumba na 1925 wani likita Baƙar fata, Ossian Sweet, ya tare a gidan da ya saya a unguwar Farar fata. Taro ya kewaye gidan da jifa, aka yi harbi daga ciki, mutum guda ya mutu. Shahararren lauya Clarence Darrow ne ya kare su, kuma a 1926 kotu ta wanke ƙanen likitan. A watan Yuni na 1943 wata tarzomar ƙabilanci ta ci rayuka 34 a birnin, 25 daga ciki Baƙar fata ne.

Makamai Uku na Wariya

Tun a 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta hana hukumomin birane kafa dokar da za ta keɓe unguwa ga launi ɗaya. To, da aka rufe wannan ƙofa sai aka buɗe wasu.

Makami na farko shi ne sharaɗi cikin takardar mallakar gida. Masu gidaje a unguwa sai su sa hannu cewa ba za a sayar ko a ba da haya ga Baƙar fata ba, wani lokaci har da Yahudawa da mutanen Asiya. A 1926 Kotun Ƙoli ta ƙi taɓa irin wannan yarjejeniya, da hujjar cewa harka ce tsakanin mutane, ba ta gwamnati ba.

Makami na biyu, wanda ya fi kowanne kaifi, shi ne rancen gida. A lokacin karayar tattalin arziki gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa hukumar HOLC a 1933 don ceto masu gidajen da bashi ya ci, sa'an nan hukumar FHA a 1934 don tsaya wa masu karɓar rance a banki. HOLC ta zana taswirar birane fiye da 200, ta kasa unguwanni kashi huɗu: kore, shuɗi, rawaya da ja. Unguwar da Baƙar fata ke zaune kusan koyaushe ja ake shafa mata, ma'ana zuba kuɗi a cikinta kasada ce. Ita kuwa FHA, cikin littafin ƙa'idojinta na shekarun 1930, ta ɗauki cakuɗuwar launi a matsayin abin da ke karya darajar gida, har ta ba da shawarar a riƙa sa wancan sharaɗi na takardar mallaka. Tun da banki ba ya son ba da rance mai dogon zango sai gwamnati ta tsaya, sakamakon a fili yake: kuɗi suka kwarara zuwa sababbin unguwannin Farar fata, tsofaffin unguwannin birni suka bushe.

Akwai shaidar wannan siyasa da ido ke iya gani har yau. A 1941 wani magini ya so ya gina wa Farar fata gidaje daura da wata unguwar Baƙar fata kusa da titin Eight Mile, a arewacin Detroit. Don ya sami amincewar FHA sai ya gina katangar kankare mai tsawon rabin mil, tsayinta ƙafa shida, tsakanin unguwannin biyu. Da katanga ta tsaya, rance ya fito.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya haɓaka, domin dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta sauƙaƙa musu sayen gida. A kusa da New York kamfanin William Levitt ya gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951 a garin da aka sa wa suna Levittown, ana sayar da gida a kan kimanin dala 8,000. Takardar farko ta zama a garin ta haramta shi ga wanda ba Farar fata ba, in ban da barori. Sojan da ya yi yaƙi da Hitila, in Baƙi ne, bai isa ya kwana a can a matsayin mai gida ba. A 1948 Kotun Ƙoli, a shari'ar Shelley da Kraemer, wadda aka haɗa ta da wata ƙara daga Detroit, ta yanke cewa kotuna ba za su tilasta bin sharaɗin launi ba. Amma hukuncin bai hana dillalai da bankuna ci gaba da halinsu ba.

Makami na uku shi ne hanyar mota. Dokar 1956, a zamanin Shugaba Eisenhower, ta ba da izinin shimfiɗa manyan hanyoyi mil 41,000, gwamnatin tarayya na biyan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Hanyoyin suka ba ma'aikaci damar ya kwana a waje ya yi aiki a birni. Ta ina aka bi da su? A Detroit an rushe titin Hastings, wanda shi ne kasuwar Baƙar fata da zuciyar rayuwarsu, aka shimfiɗa babbar hanya a kansa, bayan an riga an share Black Bottom da sunan sabunta birni.

Birni Ya Zube, Waje Ya Cika

Mutane da yawa suna ɗora laifin faɗuwar Detroit a kan tarzomar watan Yuli na 1967, wadda mutum 43 suka mutu a cikinta. Masanin tarihi Thomas Sugrue ya nuna cewa ɓarakar ta riga tarzomar da shekaru ashirin. Tsakanin 1947 da 1963 birnin ya yi asarar guraben aikin masana'antu fiye da 130,000, domin kamfanoni sun kai sababbin ma'aikatunsu waje da wasu jihohi. Tarzoma ta ƙara wa masu gudu sauri ne kawai.

Su kuwa hukumomin waje sun tsare ƙofarsu. Orville Hubbard, wanda ya riƙe magajin garin Dearborn daga 1942 zuwa 1978, bai taɓa ɓoye aniyarsa ta hana Baƙar fata zama a garin ba. A Grosse Pointe an tona asiri a 1960 cewa dillalai suna ba mai neman gida maki bisa ga launinsa da lafazinsa da addininsa. Kwamitin Kerner, da Shugaba Johnson ya naɗa bayan tarzomar, ya yi gargaɗi a 1968 cewa ƙasar na rabuwa zuwa al'umma biyu marasa daidaito. A ranar 11 ga Afrilu, 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, aka sa hannu a dokar da ta haramta wariya wajen sayarwa da hayar gidaje.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Ƙaramar hukuma ba ta bukatar ambaton launi. Ya isa ta ce ba a gina gida sai a kan babban fili, kuma ba a yarda da benen haya ba, sai talaka ya rasa wurin shiga. Har ila yau, da yake ana gudanar da makarantu da kaso mai tsoka na harajin gidaje, yaron waje ya sami makaranta mai wadata, na birni ya sami mai tsiya. Wani alƙali a Detroit ya yi umarni a haɗa makarantun birni da na gundumomi 53 na waje don a cakuɗa yara. A 1974, a shari'ar Milliken da Bradley, alƙalan Kotun Ƙoli biyar suka rinjayi huɗu suka soke wannan umarni. Daga ranar, iyakar birni ta zama katangar da ta fi ta kankare ƙarfi.

Alƙaluma sun isa shaida. Detroit na da mutane kusan miliyan 1.85 a 1950. A 2020 saura 639,000, alhali birnin da kewayensa gaba ɗaya sun haura miliyan huɗu. Baƙar fata sun tashi daga kashi 16 cikin ɗari a 1950 zuwa fiye da kashi 80 a 2010. A 2013 hukumar birnin ta shiga kotu ta bayyana cewa ta kasa biyan basussukanta.

Sabon Waje

Kuskure ne a ɗauka cewa hoton 1960 shi ne na yau. Abubuwa biyu sun sauya shi. Na farko, dokar 1968 ta buɗe wa Baƙar fata masu hali hanya. Garin Southfield, da ke ƙetaren Eight Mile, ya kai kimanin kashi 70 cikin ɗari Baƙar fata a 2010, kuma gundumar Prince George's kusa da Washington ta zama mai rinjayen Baƙar fata tun 1990. Na biyu, dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka da Gabas ta Tsakiya, kuma da yawa daga cikin baƙi, har da na Latin Amurka, waje suke sauka kai tsaye. Dearborn ɗin nan ta Hubbard, wadda ma'aikatar Ford ta fara jawo Larabawa zuwa gare ta tun shekarun 1920, ta karɓi dubban mutanen Labanan da Yaman da Iraƙi. Ƙidayar 2020 ta nuna fiye da rabin mazaunanta 'yan asalin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ne, kuma a 2021 suka zaɓi Abdullah Hammoud magajin gari.

Duk da haka, sau da yawa wariyar ƙaura ta yi, ba mutuwa ba. Garin Ferguson kusa da St. Louis kusan duka Farar fata ne a 1970. A 2010 kashi biyu cikin uku Baƙar fata ne, amma mulki da 'yan sanda suka ci gaba da zama a hannun tsiraru, har rikici ya ɓarke a 2014 bayan wani ɗan sanda ya harbe Michael Brown. Sa'an nan akwai batun gado. Gida shi ne babbar dukiyar talakan Amurka, wanda aka hana kakansa saye a 1950 kuwa ba shi da abin gada. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin Farar fata ta kai dala 285,000, ta Baƙar fata kuwa kimanin 45,000.

Kammalawa

Wannan tarihi bai yi mana nisa ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari ga baƙi 'yan Kudu wajen 1913, suka keɓe wa kansu Nasarawa, kuma tsarin garuruwa na zamanin Lugga ya tanadi filin yadi 440 da ba a gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Asalin abin ya bambanta da na Amurka, domin a nan mulkin mallaka ne ya raba talakawansa. Amma darasin ɗaya ne: layin da jami'i ya ja a taswira yakan daɗe fiye da jami'in da gwamnatin da ta sa shi.

Don haka, ya ku ɗalibai da ma'aikata, waɗanda a hannunku rabon filaye da rancen gidaje da shimfiɗa hanyoyi yake, ko zai kasance, wajibi ne kafin a sa hannu a kowane tsari a tambaya: wa zai iya shiga wannan unguwa, wa aka bari a waje, kuma harajin wa zai riƙe makarantar 'ya'yan wa? Amurka ta yi shekaru 34 tsakanin kafa FHA da dokar 1968, ta kuma haura shekaru hamsin tana ƙoƙarin gyara ɓarnar ba ta gama ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.