Digirin Dakta: Ina Asalinsa, Kuma Yana Kawo Kuɗi?

Wani mai sauraronmu, manomi daga ƙasar Funtuwa, ya rubuto yana cewa ɗansa ya yi digiri biyu, yanzu kuma yana neman a sayar da gona ya yi na uku. Yana tambaya: mene ne asalin wannan digiri, kuma zai mayar da kuɗin gonar?

To Malam, da farko dai wannan dakta ba likita ba ne. Kalmar ta fito daga harshen Latin, ma'anarta mai koyarwa. A tsofaffin jami'o'in Turai, irin su Bolonya da Faris, izni ne na karantarwa, kamar dai ijazar da malamanmu ke bai wa almajiri. Jamusawa ne suka sake masa fasali bayan kafa Jami'ar Balin a 1810: sai mutum ya binciko abin da ba a sani ba, ya rubuta kundi, ya kare shi gaban malamai. Amurka ta fara ba da shi a 1861, Jami'ar Oksfod ta Ingila ta karɓe shi a 1917. A gida kuwa, marigayi Yusufu Bala Usman ya samu nasa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1974, da bincike kan tarihin Katsina. Wanda aka ba Mamman Shata a 1988 na girmamawa ne.

Batun kuɗi fa? A da, malamin jami'a na cikin rufin asiri, ga gida ga mota. Amma daga 1986, da aka kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, daktoci da yawa suka tafi ƙetare. A 2022 ma malaman jami'o'i sun yi wata takwas suna yajin aiki.

Wannan ba ya nufin aikin banza ne. Irin masara da wake da ake fitarwa a Samaru, gumin irin waɗannan mutane ne. Sai dai karatun kan ci shekara uku ko fiye, kuma ribarsa ba ta kakar bana ba ce.

Shawararmu, Malam, kada ka sayar da gona. Yaro ya nemi aikin koyarwa ko tallafin karatu tukuna. In don son ilmi yake yi, ka sa masa albarka. In don kuɗi ne, kasuwa ta fi kusa. Allah ya yi jagora.